Jinin da Muke Tofarwa a Bakin Famfo

Duk wanda ya taɓa kwana a hostal ɗin maza ya san yadda bakin famfo yake da misalin ƙarfe bakwai saura na safe. Ga layin bokitai, ga mai ihun an tsallake masa layi, ga mai haddar fomula da buroshi a baki saboda tes ɗin ƙarfe takwas. Don Allah gobe idan ka je, ka ɗan sunkuya ka dubi kwatar da muke tofar da kumfar makilin. Za ka ga ba duka ce fara ba. Wata ruwan hoda ce, wata kuma ja wur. Jini ne. Amma babu wanda abin ya dama, sai mutum ya watsa ruwa a kai, ya ɗauki bokitinsa ya ƙara gaba. Na tambayi wata 'yar ajinmu, ta ce a ɓangaren mata ma haka abin yake.

Ba gori nake yi wa kowa ba, domin ni ma shekara biyu cur na yi ina tofar da wannan jinin, tun ina ND 1 har na gama ND 2. Da farko na ce buroshin ne ya cika tauri. Na canja wani, bai daina ba. Sai na koma cewa zafin gari ne. Wani abokina da muke ɗaki ɗaya ya ce, “Kai dalla manta, ai kowa ma haka yake yi, alamar ka goge da kyau ke nan.” Na yarda da shi, saboda maganar ta yi mini daɗi kuma ba ta ci mini ko sisi ba.

Abin da nake so in faɗa a wannan shafi bai da yawa. Dasashi mai lafiya ba ya jini. Wanda ke jini yana da ciwo, kuma ciwon ba lallai ne ya tsaya a baki ba, yana da hanyar da yake bi ya taɓa sauran jiki. Don haka ina ganin lokaci ya yi da mu ɗalibai, da ƙungiyarmu, za mu daina ɗaukar lafiyar baki a matsayin kwalliyar 'yan gayu, mu sa ta cikin abubuwan da muke nema wa kanmu kamar ruwa da wuta.

Ba a aji na koyi wannan ba, ni ɗalibin gine-gine ne. A kan mahaifina na koya. Baba tela ne, shekarunsa 57, kuma ya daɗe yana fama da ciwon suga. Yana shan magani a kan lokaci, ya rage tuwo, ya haƙura da shayinsa mai kauri wanda a da ko fatara ba ta raba shi da shi, amma duk zuwa asibiti sai a ce sugan bai sauka yadda ake so ba. A shekarar da nake aikin sanin makama bayan ND, ni nake raka shi. Ranar nan muka faɗa hannun wani likita matashi. Ya daɗe yana duba katin, sai ya ɗago ya ce, “Baba, ɗan buɗe bakinka in gani.” Baba ya dube ni, ya dubi likitan, ya ce, “Likita, ai ba baki na kawo ba, suga na kawo.” Likitan ya yi murmushi, ya haska da fitila, ya rubuta mana takarda zuwa sashen haƙori.

A can muka samu wata likita. Ta ɗauki wani siririn ƙarfe mai awo tana zura shi tsakanin haƙori da dasashi, tana faɗin lambobi ana rubutawa. Ta taɓa wasu haƙoran sai ga su suna girgiɗi. Baba ya ce shi fa bai taɓa ciwon haƙori ba a rayuwarsa, ko kogo ɗaya ba shi da shi. Ta ce, “Gaskiyarka, Baba. Haƙoran lafiyarsu lau. Ƙasar da suke tsaye a kai ce ta zaizaye.” Wallahi wannan magana ta shige ni, don a sashenmu kullum abin da ake nanata mana ke nan: komai kyan gini, idan harsashi ya tafi, ginin ya tafi. An cire wa Baba haƙora uku da suka riga suka wuce gyara, aka yi wa sauran wanki mai zurfi har ƙarƙashin dasashi. Muna shirin fita ta juyo gare ni ta ce, “Kai fa ƙanena, kana ganin jini idan kana goge baki?” Na yi shiru ina sosa ƙeya. Ta ce, “Zo ka zauna.”

Ga yadda ta warware mini abin, tare da abin da na bi na karanta daga baya. Kullum akwai wata 'yar dauɗa mai yauƙi da ke taruwa a gindin haƙori, daidai inda ya haɗu da dasashi. Ba ragowar abinci ce kawai ba, gari guda ne na ƙwayoyin cuta. Idan ba a goge ta ba, dasashi sai ya yi ja, ya ɗan haye, ya riƙa jini da an taɓa shi. Wannan shi ne matakin farko, kuma yana warkewa tas. A 1965 wani masani ɗan ƙasar Norway mai suna Harald Löe da abokan aikinsa suka gwada abin a Denmak. Suka samu mutum 12, akasarinsu ɗalibai irinmu, masu lafiyayyen dasashi, suka ce su daina goge baki. Cikin kwana 10 zuwa 21 kowannensu dasashinsa ya kamu. Da suka koma goge baki, cikin kamar mako guda ya warware. Ka ga ke nan ba zafin gari ba ne, ba kuma taurin buroshi ba.

Matsalar tana faruwa ne idan aka bar abin shekara da shekaru. Dauɗar nan tana daskarewa ta zama kamar ƙanzon tukunya, ta manne a jikin haƙori yadda buroshi ko asuwaki ba za su iya ɗaye ta ba. A wajen wasu mutane, dasashi sai ya fara sakin haƙori, wani ɗan aljihu ya buɗe a tsakaninsu, ƙwayoyin cuta su gangara ciki su zauna inda babu mai iso su. Daga nan zaruruwan da ke ɗaure haƙori da muƙamuƙi su fara tsinkewa, ƙashin da ke riƙe da saiwa ya fara narkewa. Ƙashin da ya tafi kuwa ba ya dawowa da kansa. Abin tsoron shi ne, yawanci babu zafi. Sai warin baki da ya ƙi jin turare, sai haƙora su yi kamar sun ƙara tsawo, sai giɓi ya buɗe inda da babu, sai ranar da mutum zai gatsi rake ya ji haƙori ya motsa. Hukumar Lafiya ta Duniya, a rahotonta na 2022, ta ƙiyasta cewa kusan kashi 19 cikin 100 na manyan mutane a duniya suna da wannan ciwo a mataki mai tsanani, wato mutum sama da biliyan ɗaya.

To ina ruwan zuciya ko suga da wannan? A nan ne ya kamata mu fahimci kalma ɗaya. Mu idan an ce kumburi, abin da ke zuwa mana a rai shi ne ƙafa ta haye ko maruru ya taso. Likitoci suna nufin abin da ya fi haka faɗi: yaƙin da garkuwar jiki ke tayarwa duk lokacin da ta ji baƙo ya shigo. Yaƙi ne mai amfani idan an yi shi an gama. Amma idan ya ƙi ci ya ƙi cinyewa, shekara biyar, shekara goma, sai ya zama wutar ƙaiƙayi, ba harshe ba hayaƙi, amma tana ci ta ƙarƙashi.

Cikin aljihun nan da ke tsakanin haƙori da dasashi, fatar a saluɓe take, gyambo ne sosai, illa dai ido ba ya ganinsa. Idan aka haɗa na duk haƙoran mai ciwo mai tsanani wuri guda, wasu masana kan kwatanta faɗinsa da tafin hannu. Yi tunanin kana da gyambo irin wannan a ƙwauri, yana jini kullum safiya. Za ka je lakca da shi shekara biyu kana cewa zafin gari ne? Ai ko awa biyu ba za ka yi ba sai kilinik. Hausawa suka ce sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga. Ta wannan tsaga ƙwayoyin cuta da dafinsu ke faɗawa cikin jini, wani lokaci da tauna abinci kawai ko goge baki. Su kuma sojojin jiki da ke fafatawa a dasashi suna sakin wasu sinadarai na kiran agaji, jini ya kwashe su ya zaga da su ko'ina. Idan saƙon ya isa hanta, sai ta ƙara fitar da wani sinadari da ake kira CRP, wanda 'yan'uwanmu na sashen kimiyyar ɗakin gwaje-gwaje suka san shi, domin da shi ake auna yawan kumburin da ke jikin mutum. Bincike da dama sun nuna masu ciwon dasashi mai tsanani CRP ɗinsu ya fi na masu lafiyayyen baki yawa, kuma yakan sauka bayan an yi musu magani.

Inda hujja ta fi ƙarfi shi ne ciwon suga, kuma hanyar mai zuwa da dawowa ce. Suga idan ya yi yawa a jini yana raunana garkuwa, yana hana rauni warkewa da wuri, shi ya sa mai ciwon suga, musamman wanda nasa bai daidaita ba, ya fi wanda ba shi da shi haɗarin ciwon dasashi kusan ninki uku. Shi dai Löe ɗin nan, a 1993, ya kira ciwon dasashi illa ta shida cikin illolin ciwon suga, a sahu ɗaya da lalacewar ido da ƙoda da jijiyoyi. A ɗaya hannun, sinadaran kumburi suna sa jiki ya rage jin maganar insulin, wato sinadarin da ke shigar da suga daga jini zuwa inda za a ƙona shi. Sai suga ya ƙara hawa, dasashi ya ƙara lalacewa, abu ya zama zagaye. A 2022 cibiyar Cochrane, wadda aikinta shi ne tattara gwaje-gwajen da aka yi a duniya ta tace su, ta gano cewa maganin ciwon dasashi yana rage sakamakon gwajin HbA1c, mai nuna matsakaicin sugan mutum na wata biyu zuwa uku, da kimanin maki 0.4 bayan wata 3 zuwa 4. A ido kamar kaɗan ne, amma tambayi duk mai ciwon suga irin wahalar da ake sha kafin a sauke rabin maki. Shi ma Baba nasa ya sauka a watannin da suka biyo baya. Ba zan rantse cewa wankin haƙori ne kaɗai ya yi aikin ba, domin an gyara masa magunguna a lokaci guda. Abin da na gani da idona shi ne ya koma taunar abinci da daɗi, kuma likitansa ya daina girgiza kai.

Game da zuciya, tun 1989 wasu likitoci a Finlan suka lura cewa mutanen da aka kwantar saboda bugun zuciya bakinsu ya fi na sauran mutane lalacewa. Daga baya an samu burbushin ƙwayoyin cutar baki a cikin kitsen da ke toshe jijiyoyin jini. A 2007 aka buga sakamakon wani gwaji da aka yi a Landan kan mutum 120 masu ciwon dasashi mai tsanani. Waɗanda aka yi wa magani mai zurfi, washegari kumburin jikinsu ya ɗan tashi, amma bayan wata 6 jijiyoyin jininsu sun fi na ɗaya rukunin iya buɗewa yadda ya kamata. Akwai kuma wani haɗari da likitoci suka daɗe da sani: wanda ke da lalatacciyar ƙofar zuciya, ƙwayoyin cutar baki na iya bin jini su maƙale a kanta su haddasa ciwo mai kisa.

Amma fa a nan sai mu yi wa kanmu adalci, kada mu zama irin masu tallar magani a bayan mota da lasifika, waɗanda ƙulli ɗaya ke maganin basir da shawara da tsutsar haƙori. Ganin abu biyu tare ba ya nufin ɗaya ne ya haifi ɗayan. Mai shan sigari dasashinsa na lalacewa, zuciyarsa ma na lalacewa. Haka talauci, haka tsufa, haka ciwon suga. A 2012 Ƙungiyar Likitocin Zuciya ta Amurka ta fitar da matsayarta: alaƙar tana nan ko an cire waɗannan dalilai, amma hujjar da ake da ita ba ta kai a ce ciwon dasashi ne ke haddasa ciwon zuciya ba, ko a ce maganinsa na hana bugun zuciya. Haka batun masu juna biyu. An ga alaƙa tsakanin ciwon dasashi da haihuwar bakwaini, amma wani babban gwaji da aka buga a 2006, kan mata 823 a Amurka, ya nuna wankin dasashi lokacin ciki ba shi da illa, yana gyara baki, sai dai bai rage haihuwar bakwaini ba. Tarihi ma ya ja mana kunne. A 1900 wani likita ɗan Birtaniya, William Hunter, ya yaɗa ra'ayin cewa ruɓar baki ce tushen cututtuka da yawa. Aka ɗauki maganar aka wuce gona da iri, aka shafe shekaru ana tuge wa mutane haƙora, har masu lafiya, da sunan maganin ciwon gaɓoɓi da makamantansa. Ciwon bai tafi ba, haƙoran ne suka tafi.

To idan haka ne me ya sa nake ta da jijiyar wuya? Saboda ko da alaƙar zuciya ba ta tabbata ɗari bisa ɗari ba, abin da aka tabbatar ya isa. Gyambo ne a jikinka, yana ƙara wa jininka kumburi, yana dagula ciwon suga, kuma ƙarshensa wawulo. Maganinsa a matakin farko bai wuce kuɗin data na mako guda ba. Wane ɗan kasuwa ne zai ƙi wannan ciniki?

Da na kawo wannan zance a ɗaki, wannan abokin nawa ya sake ɓullo da wata. Ya ce, “Malam, duniya ta ci gaba. In sun zube, in mun yi kuɗi sai a dasa mana sababbi.” Na san da yawanmu haka muke tunani, musamman da muke ganin bidiyon masu zuwa Masar da Turkiyya da Dubai suna dawowa da baki fari tas. Bari mu bambance tukuna. Haƙorin Makka da muka sani galibi hula ce ake kifa wa haƙorin da ke nan. Haƙorin roba kuwa ana sawa ana cirewa. Dashe daban ne: wata 'yar ƙusa ce mai zare, ta ƙarfen taitaniyam, ake murɗa ta cikin ƙashin muƙamuƙi, a jira watanni ƙashi ya kama ta, sannan a ɗora haƙori a kai. Wani likita ɗan Suwidin, Per-Ingvar Brånemark, shi ya lura a 1952 cewa ƙashin zomo ya manne da taitaniyam har ya ƙi rabuwa, kuma a 1965 ya yi wa mutum na farko dashe. Fasaha ce babba, ta share wa miliyoyin mutane hawaye, ban raina ta ba.

Sai dai abin da bidiyon ba ya nuna maka shi ne, ƙarfe ba ya kogo, amma naman da ƙashin da ke kewaye da shi naka ne. Dauɗar da ta kayar da haƙorin asali tana taruwa a jikin dasasshe. Naman ya yi ja, ya yi jini, ya yi mugunya, ƙashi ya fara janyewa daga jikin ƙusar. Wani nazari da masana a Suwidin suka buga a 2015, wanda ya tattara bincike daga wurare daban-daban, ya ƙiyasta cewa kusan kashi 43 cikin 100 na masu dashe suna da kumburin naman da ke kewaye da shi, kashi 22 kuma abin ya kai ga cin ƙashi. Wato kusan mutum ɗaya cikin biyar. Kuma dasasshen haƙori ba shi da zaruruwan nan da Allah Ya ɗaure na asali da su, jinin da ke ratsa wurin bai kai ba, don haka ɓarnar takan fi saurin yin nisa, ga wahalar kankare ƙwayoyin cuta daga cikin zaren ƙusa. Binciken da aka fara yi ya nuna su ma masu wannan ciwo alamomin kumburi irin su CRP sun fi yawa a jininsu. Wa ya fi shiga haɗarin? Wanda ciwon dasashi ne ya zubar masa da haƙora tun farko, da wanda ba ya tsaftace baki, da wanda ba ya komawa a duba shi. A yarenmu na gine-gine, ka kafa sabon ginshiƙi ne a ƙasar da zaizaya ta cinye tsohon, ba tare da ka tare ruwan ba. Ga shi kuɗin haƙori ɗaya ya fi kuɗin rajistarmu nesa ba kusa ba. Ashe wanda ya kasa minti biyu da buroshi yau, ba dashe ne zai cece shi gobe ba.

Wani zai ce ai mu muna da asuwaki, kakanninmu da shi suka tsufa da haƙoransu. Gaskiya ne asuwaki abu ne mai kyau, ga lada ga tsafta, kuma idan an iya amfani da shi yana cire dauɗa sosai. Amma dubi yadda muke yi da shi: a maƙala a gefen baki ana tauna ana hira, a ɗan goga haƙoran gaba huɗu da ake gani, shi ke nan. Matauni na can ciki, da bayan haƙoran ƙasa, da tsakankanin haƙora, babu mai leƙa su. Sannan kakanninmu ba sa karatun dare da lemon kwalba da biskit da alawa, su yi barci a kan handawut ba tare da ko kurkure baki ba. Ba sa kuma zaman shisha. Ga mai shan sigari ma abin ya fi zama yaudara, domin taba tana matse ƙananan jijiyoyin dasashi, sai jinin ya ragu, mutum ya ɗauka lafiya lau yake, alhali ɓarnar ta fi ta kowa sauri.

Kuma mu a nan Arewa bai kamata a ce sai an je Landan an kawo mana labarin abin da ciwon dasashi ke iya zama ba. Cutar noma, wadda ba ta da alaƙa da noman gona, da gyambon dasashi take farawa a bakin ƙananan yara, galibi 'yan shekara 2 zuwa 6 da yunwa ko ƙyanda suka raunana, kafin cikin 'yan kwanaki ta cinye kunci da leɓe. A Sakkwato akwai asibiti guda da aka kafa tun 1999 domin waɗannan yara, kuma Najeriya ce ta jagoranci neman da ya sa Hukumar Lafiya ta Duniya ta shigar da cutar cikin jerin cututtukan da aka yi watsi da su a Disamban 2023. Ba ita ce ke damun ɗan HND a hostal ba, amma idan ka koma gida hutu ka ga ƙaninka yana dalalar da miyau, bakinsa na wari, dasashinsa na jini, kada a tsaya jiƙe-jiƙe, a kai shi asibiti a ranar.

To me za mu yi? Abin da likitar nan ta sa ni, shi zan faɗa maka. Goge baki sau biyu a rana, minti biyu, da man goge baki mai sinadarin fuloraid, kuma na dare kafin barci ya fi na safe muhimmanci. Buroshi mai laushi, a karkata shi zuwa gindin haƙori, a hankali, ba irin dirzar wankin tayal ba. A canja shi duk wata uku. A tsaftace tsakankanin haƙora da zaren sakace, ba da tsinken tsintsiya ko murfin biro ko allurar hijabi ba. Idan wuri na jini, kada ka guje shi, nan ne ya fi bukatar gugar. Ni an yi mini wankin haƙori sau ɗaya, na bi wannan tsari, kafin mako biyu kumfata ta koma fara. Idan naka ya wuce mako biyu bai daina ba, ko haƙori na motsi, ko jinin na zuba haka kawai ba tare da an taɓa ba, to ka ga likita, domin wani lokaci jinin dasashi alama ce ta wata cutar daban a jiki. Kada ka je kemis ka ce a haɗa maka ja da yalo. Kafso ba ya ɗaye ƙanzo. Kuma maganar da ake yaɗawa cewa wankin haƙori na sa haƙora girgiɗi ba gaskiya ba ce, ƙanzon ne ke ɓoye ɓarnar da ta riga ta faru.

Sai kuma shugabanninmu na ƙungiya, musamman ofishin walwala. Kowace shekara akwai kuɗin lafiya a rasit ɗin rajistarmu, amma ɗalibin da ya je kilinik da ciwon baki abin da ya fi samu shi ne maganin rage zafi da “Allah Ya sauwaƙe”. Ina roƙon abu uku, kuma babu wanda ya fi ƙarfinmu a ciki. Na farko, a nemi hukumar makaranta ta fito da jerin abin da kuɗin lafiyarmu ya ƙunsa a manna a allon sanarwa, mu ga ko duba haƙori da wankinsa na ciki, idan babu a zauna a tattauna. Na biyu, a sa duba baki cikin gwajin lafiyar sababbin ɗalibai, tunda dama ana auna jini da ido. Na uku, ranar 20 ga Maris ta kowace shekara ita ce Ranar Lafiyar Baki ta Duniya. Ƙungiya ta rubuta wa reshen jiha na Ƙungiyar Likitocin Haƙori ta Najeriya, ko sashen haƙori na asibitin gwamnati mafi kusa, a gayyace su su kafa rumfa kwana ɗaya su duba mu, a haɗa da awon suga da hawan jini. Idan muna iya tara kuɗin kiɗa da kanofi a makon ɗalibai, ai ba za mu gaza kujeru goma da janareta ba.

Baba yanzu idan zai yi dariya sai ya kai hannu ya rufe baki, mutumin da a da ana jiyo dariyarsa daga bakin layi. Ranar da zan dawo makaranta ya ce da ni, “Da wani ya faɗa mini wannan ina kamar shekarunka, da yanzu ina cin ƙilishina.” Shi bai samu mai faɗa masa ba. Kai ga shi an faɗa maka, ke ma haka. Gobe da safe a bakin famfo, kafin ka watsa ruwa, ka tsaya ka duba abin da ka tofar. Idan ka ga ja, kada ka ce zafin gari ne. Allah Ya ba mu lafiya mai amfani, Ya kuma ba mu sa'ar jarrabawa.